Tambaya ta Tara

Kowane malami yana da darasin da in ya zo kansa sai ya gyara zaman hula. Nawa shi ne darasin amanar bincike. Na daɗe ina koyar da jagoranci da ba da shawara, ina kuma duba binciken ɗaliban ajin ƙarshe, kuma duk shekara in muka iso wannan darasi sai na ɗauko abin da ya faru a Kano a 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo ya yi gwajin maganin Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba da shi, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Nakan ƙara da cewa wannan tabo yana cikin abin da ya sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003. Daga nan sai in bugi tebur in ce talaka ba abin gwaji ba ne. Aji ya yi tsit, ni kuma in fita ina jin duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni tausayin talaka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A aikinmu ƙarin girma ba ya zuwa sai da takardun bincike da aka buga a mujallu, ni kuwa nawa sun yi ƙaranci. Sai na tsara bincike a kan ciwon damuwa a tsakanin matan aure, na kuma zaɓi Limawa. A rubuce na ce na zaɓe ta ne saboda tana cikin tsofaffin unguwannin Dutse, waɗanda suke nan tun kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, tun kafin sakatariya da gidajen ma'aikata su canja fuskar garin. Gaskiyar da ban rubuta ba ita ce tana kusa, kuɗin abin hawan ɗalibai ba zai taɓa aljihuna sosai ba.

Gabatarwar da na yi wa binciken ta yi kyau, har yau ina jin daɗinta. Na kawo babban binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000, wanda ya nuna cewa a cikin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Najeriya, kusan ɗaya cikin goma ne kawai ya samu wata kulawa a shekarar da ta gabaci binciken. Na kawo alƙaluman da aka saba ambata, cewa likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Na ce matan cikin gida su ne hidima ba ta kaiwa gare su, don haka dole a ji muryarsu. Duk wannan gaskiya ne. Da hannuna na rubuta cewa matan nan ba su da inda za su kai kukansu, amma ban tsaya na karanta abin da na rubuta ba.

Ma'aunin da na ɗauko shi ne takardar tambayoyin da ake kira PHQ-9, wadda Kroenke da Spitzer da Williams suka fitar da ingancinta a Amurka a 2001. Tambayoyi tara ce, duk a kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, ganin kai ba a bakin komai ba, da sauransu. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, wato daga “ko kaɗan” zuwa “kusan kullum”, jimilla 27. Wanda ya kai 10 ana zargin yana da ciwon damuwa, wanda ya kai 20 nasa ya yi tsanani. Tambaya ta tara ita ce ko tunani yana zo wa mutum cewa gara ya mutu, ko ya cutar da kansa. Na mayar da tambayoyin Hausa, na ɓata lokaci mai yawa ina gyara lafazinsu don kada su yi wa kunne nauyi. Lafazin ta tara ma na gyara shi tsaf. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne me za mu yi in wata ta ce e.

Muka je gaida mai unguwa a zaurensa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, in an gama tambayoyin, sai kuma me?” Na ce, “Ranka ya daɗe, sai a rubuta rahoto, ya kai ga masu tsara manufofi.” Ya dube ni, ya ce, “To, Allah ya sa.” Na fito ina gaya wa ɗalibai cewa tsofaffi ba su san amfanin bincike ba.

Da yake ba shiga, ɗalibai mata ne za su zaga gidajen. Ni ko mace ɗaya daga cikin waɗanda aka tambaya ban gani ba. Kafin su fita na kafa musu dokoki uku. Ta farko, kada a rubuta suna, ko sunan maigida, ko wata alama da za a gane gida da ita, domin sirri amana ne. Ta biyu, kada a ba kowa shawara, domin su ɗalibai ne, ba su ƙware ba, kuma shawara tana canja amsa. Ta uku, gidan da aka shiga an gama da shi, ba komawa. A yi sallama, a nemi yarda, a tambaya, a sa maki, a yi godiya, a fita. Na sa suka maimaita da baki ɗaya.

Suka bi umarnina, in ban da ɗaya. Ita ce ta kawo takardu mafi ƙaranci, ta kuma kawo su a makare. A rahotonta ta rubuta, ba ɓoye-ɓoye, cewa akwai gidan da ta daɗe a ciki, ta kuma koma. Ban ƙarasa karanta shafin ba. Na ɗauki jan biro na rubuta mata, “Kin gurɓata bincike,” na zaftare mata maki. Abin bai ishe ni ba, sai da na kawo misalinta a aji, ban ambaci suna ba amma kowa ya gane. Bayan an tashi ta biyo ni ta ce, “Allah gafarta Malam, da ka ba ni dama na yi bayani.” Na ce bayanin yana cikin littafi, ta je ta karanta. Ta ce, “To, Malam. Allah ya huci zuciyarka.”

Takardun suka shiga kwali, kwalin ya shiga ƙarƙashin tebur. Jarrabawa ta zo, duban takardu ya zo, azumi ya zo, aka yi salla. Sai bayan watanni na jawo kwalin wani dare na fara zuba lambobin a kwamfuta. Da na haɗa jimilla na ga waɗanda suka haura maki 10 suna da yawa, kuma zan faɗi abin da na ji ko da zai zubar da ni: murna na yi. Na ce wannan kam mujalla ba za ta ƙi shi ba. Damuwar matan mutane ta zamar mini albishir, har na tashi na haɗa shayi.

Na dawo na ce bari in duba tambayoyin ɗaya bayan ɗaya don in samu abin cika tebur na biyu. Na zo kan ta tara, na umarci kwamfuta ta jera amsoshin daga babba zuwa ƙarami. Sifirin da suka cika layin suka gangara ƙasa, sai ga 3 a sama. Ƙarƙashinta wata 3. Sannan wasu 2, sannan 1. Ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsu, amma ba ɗaya ba ce. Na tsaya ina kallonsu. Ni na tsara takardar, na san abin da 3 take nufi. Kusan kullum.

Hannuna ya shiga kwalin tun kafin in yi tunani. Na zaro takardar farko mai 3, idona ya tafi saman shafi yana neman suna. Abin da ya tarar shi ne gargaɗin da ni na buga da manyan baƙaƙe: kada a rubuta suna. Na duba baya, ba komai. Na duba gefe ko ɗalibar ta yi kuskuren barin wata alama, ba ta yi ba, ɗaliba ce mai biyayya. Abu ɗaya ne a rubuce bayan makin, wato kwanan wata, kuma ya nuna mini watannin da takardar ta yi a ƙarƙashin teburina, kusa da takalmina.

A nan ne na fara ganin ɗakin da ban taɓa shiga ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da mace take haɗiyewa kafin ta furta irin wannan magana. An raine ta a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta san addini ya haramta kisan kai, ta san in maganar ta fita za a ce ba ta da tawakkali, ko a ce iskokai ne, ko a ce hauka ce ta shigo dangi, har a goranta wa 'ya'yanta ranar neman aure. Wataƙila ba ta taɓa gaya wa uwarta ba. Sai ga baƙuwar yarinya ta shigo da takarda, ta yi mata tambayar da ba wanda ya taɓa yi mata, cikin lafazi mai laushi da na ɓata dare ina gyarawa. Ta daure ta faɗi gaskiya. Yarinyar ta sa 3, ta ce, “Na gode, sai an jima,” ta ɗaga labule ta shiga gida na gaba. Ba don ba ta da tausayi ba. Haka malaminta ya ce ta yi, har ya sa ta maimaita da baki.

Me na koya wa matar nan? Cewa ko ta faɗa, ba abin da zai faru. Kafin mu zo tana iya cewa da wani ya sani da ya taimaka. Bayan mun tafi wannan ma ta rasa shi. Aikin wanzamin banza na yi: na yi sakiya, na tattara kayana, na tafi ban ɗaure ba.

Sannan na tuna da rahoton da na yi wa jan biro. Na nemo shi na karanta shafin har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun farko. Washegari na kira ɗalibar a waya. Ta zo ofis ta tsuguna ta gaishe ni, ni kuma na rasa ta inda zan fara. Na ce ta ba ni bayanin da na hana ta bayarwa.

Ta ce matar ta haihu ne jaririn bai zo da rai ba, maigidan kuma yana ci-rani a Kudu. Ta daina cin abinci, ba ta barci, mutanen gida suna cewa ta yi haƙuri, ba kanta farau ba. Da suka zo tambaya ta tara sai matar ta yi shiru, sannan ta amsa, sannan ta fashe da kuka. “Malam, na kasa tashi. Na ajiye takardar na zauna.” Ta saurare ta har ta gama, sannan ta tambaye ta wa ta fi yarda da shi a duniya. Matar ta ce gwaggonta. Ɗalibar ta nemi izininta ta je ta samu gwaggon. Tsohuwar ta tare a ɗakin, ta kwashe duk abin da zai iya cutarwa, ta sa aka kira maigidan a waya ya ba da izinin fita, suka kai ta asibiti. Komawar da ɗalibar ta yi, wadda na kira gurɓata bincike, dubiya ce.

Na ce, “Wa ya koya miki wannan?” Ta ɗago da mamaki ta ce, “Kai ne, Malam. A aji biyu, darasin iyakar sirri. Ka ce sirri yana ƙarewa inda rai ya shiga hatsari.”

Haka ne, ni na faɗa. Yana cikin takardun darasina, na sha yin tambaya a kansa a jarrabawa. Ashe malami biyu ne a cikin rigata, mai koyar da ba da shawara da mai neman ƙarin girma, kuma ba sa gaisawa. Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Haba Malam, ai uba ba ya laifi.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Makin kuwa ya riga ya shiga sakamako, da shi ta fita.

Sauran matan fa? Na kira ɗaliban da takardun suka fito daga hannunsu. Wasu sun tafi bautar ƙasa, wasu sun yi aure. Sun tuna lungu, ba su tuna gida ba, gidajen sun yi yawa kuma an daɗe. Ko da sun tuna, ba a ƙwanƙwasa ƙofa a ce wace ce a gidan nan ta ce tana son mutuwa. Na koma zauren mai unguwa, wannan karon da hula a hannu. Bai tuna mini da tambayarsa ba, kuma kawaicin nan ya fi faɗa zafi. Da taimakonsa aka samu wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa mata bayani a Islamiyyar matan aure da kuma ranar awo, cewa ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, ga inda za a zo. Ko masu 3 ɗin nan suna cikin waɗanda suka ji, Allah ne masani. Wannan bashi yana kaina.

Da na zauna na tankaɗe abin, kuskure uku na gani. Na farko, na fahimci amanar bincike a matsayin garkuwar kaina. Dokokina uku duk ni suke karewa: kada a ce na tona asiri, kada a ce ɗalibata ta ba da muguwar shawara, kada mujalla ta ce lambobina sun gurɓata. Babu ɗaya da take kare matar da ke zaune a kan tabarma. Ɓoye suna abu ne mai kyau, amma akwai hanyar da ake yi: a ba takarda lamba, a ajiye sunaye dabam a kulle a hannun mutum ɗaya, a kuma gaya wa mai amsawa tun farko cewa in aka ga ranta yana cikin hatsari za a nema mata taimako. Na san hanyar. Ta fi wahala ne kawai.

Na biyu, na ɗauko ma'auni na bar abin da yake tafiya da shi. An tsara PHQ-9 ne don asibiti, inda mai cika takardar zai miƙa ta ga likita a ranar. Ni na ɗauke ta na kai ta tsakar gida. Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na jiha yana Kazaure, kuma hanyar da aka fi bi daga Dutse ta Kano take ratsawa. In an ce asibitin Dawanau, shi ma a Kano yake. Macen da sai da izini take fita, kuɗin mota kuma sai an ba ta, wannan tafiya ba ƙarama ba ce a wurinta. Inda hidima ta yi ƙaranci, nauyin mai tambaya ƙaruwa yake yi, domin bayansa babu wani mai zuwa. Ni kuwa na ɗauki rashin hidimar a matsayin abin ƙawata gabatarwa.

Na uku, na raina abin da unguwa take da shi. A idona taimako shi ne ƙwararre mai takardar shaida, tun da kuma babu shi, sai na ce babu taimako. Ɗalibata ta tambayi matar wa ta yarda da shi, sai ga gwaggo. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya rasa wata mara lafiyarsa da ta kashe kanta saboda ba a samu kuɗin motar kawo ta Harare ba. Daga nan ya fara horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa, zama shida ga kowane mutum. Sakamakon gwajin tsarin ya fito a mujallar JAMA a 2016, ya kuma nuna yana aiki. Abin lura a wurina shi ne an koya wa tsofaffin nan alamun hatsari, an kuma nuna musu wanda za su miƙa wa mutum in abin ya fi ƙarfinsu. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ma a kan wannan turba yake, wato a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane, su kula, su tura gaba. Duk na koyar da waɗannan. Wasu ma na ba da su a matsayin aikin gida.

Kada mai karatu ya ɗauka darasin shi ne a daina tambayar. Jagorar mhGAP ta faɗa ƙarara cewa tambayar mutum ko yana tunanin cutar da kansa ba ta tunzura shi, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Cire tambaya ta tara don a huta da amsarta wata ragwantar ce. A tambaya, amma a tanadi abin da zai biyo baya. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar hauka ta 1958, ta kuma ba masu lalurar haƙƙin kulawa da mutunci. Doka ce mai kyau, sai dai doka ba ta shiga ɗaki. Ɗalibar da ke riƙe da takarda ita ce take shiga, kuma abin da malaminta ya ɗora ta a kai shi za ta yi.

Binciken ban buga shi ba. Kada a yaba mini, ba tsarkin zuciya ba ne. Duk mujallar kirki za ta tambayi matakin da aka ɗauka a kan waɗanda suka nuna hatsari, ni kuma ba ni da amsar da ba ƙarya ba.

Yanzu ba na sa hannu a kan takardar tambayoyin ɗalibi sai ya kawo mini shafi ɗaya tukuna. A shafin zai rubuta tambayar da ta fi nauyi a takardarsa, da amsa mafi muni da za a iya ba shi, da abin da zai yi a ranar kafin rana ta faɗi. Zai rubuta ma'aikacin lafiyar da ya riga ya je ya gani ya kuma amince a kira shi, da asibitin da za a je, da inda kuɗin mota zai fito, da wanda zai nemi izinin maigida. Takardun kuma a ranar ake duba su, ba sa kwana a kwali. Ɗalibai suna ƙorafi cewa na tsananta, wasu sukan canja malami, ni kuma ba na riƙe su.

Ba masu bincike kaɗai nake wa magana ba. Malamin ba da shawara a sakandare da ke raba wa yara takarda su rubuta matsalolinsu, da ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke zaga gidajen da ambaliya ta ci yana cika fom, da malamar Islamiyya da ke cewa duk mai damuwa ta same ta bayan darasi, duk hanya ɗaya muke bi. Ni ban yi abin nan da mugunta ba. Na yi shi ne da tsari, da littafi a hannu, da kyakkyawan zato ga kaina, kuma ina jin kai ma haka za ka yi naka in ba ka kula ba. Kafin ka tambayi mutum abin da ke cinsa, ka san abin da za ka yi in ya gaya maka gaskiya. In ba ka da amsa, ka je ka nemo ta tukuna. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.